Me ya sa aji yake yin tsit idan aka zo muhawara?

Tambaya: Ina koyar da darasin gudanar da kasuwanci a jami'a. Duk lokacin da na kawo wa ɗalibai labarin kamfanin da ya shiga matsala, na ce su yi muhawara kan mafita, sai aji ya yi tsit. Amma suna cin jarrabawa. Ina gizo yake saƙar?

Amsa: Malam, hanyar da kake amfani da ita tana da asali. Makarantar Kasuwanci ta Harvard a Amurka ce ta yaɗa ta tun shekarun 1920, kuma a can maganar da ɗalibi ya yi a aji kan kai rabin makinsa a darussa da yawa. An gina ta ne don ɗalibin da ya taso yana jin cewa ja da malami alamar ƙwazo ce.

Ɗalibanka wataƙila ba haka suka taso ba. Geert Hofstede, ɗan ƙasar Holand da ya nazarci ma'aikatan kamfanin kwamfuta na IBM a ƙasashe da dama, ya nuna yadda al'ummomi suka bambanta wajen tazarar da ke tsakanin babba da ƙarami. Inda tazarar take da faɗi, ɗalibi yana ganin ilimi a bakin malami yake, kuma yin kuskure a gaban jama'a abin kunya ne. Shirunsa ladabi ne a wurinsa. Yana damuna ƙwarai idan na ji malami ya kira wannan daƙiƙanci, domin ɗalibin da ya iya haddace ƙa'idojin lissafin kuɗi ya riga ya tara abin da zai yi tunani da shi.

Kada ka yar da hanyar, domin ɗan kasuwa dole ya iya yanke shawara ba tare da cikakken bayani ba, ya kuma kare ta. Sauya mashigar kawai. Ba su labarin tun mako guda kafin darasi, kowa ya rubuto matsayarsa. Raba su huɗu-huɗu su fara tattaunawa, sannan wakili ya yi magana da yawun rukuni. Kuskuren rukuni ba ya ƙona fuskar mutum ɗaya. Ka kuma raba musu matsayi, wannan manaja, wancan mai zuba jari, don saɓanin ya zama na aiki.

Sai ka duba jarrabawarka. Muddin haddar bayananka ce kaɗai take kawo maki, ɗalibi ba zai ga dalilin buɗe baki ba. Ware wa muhawara kasonta, ka sanar da su tun ranar farko.