Amsa: zuba kankaren kwalbati da 'yan sa kai

Ɗan'uwa, ka tambaya ko 'yan sa kai za su iya zuba kwalbatin ƙauye ba tare da injin kwaɓa ba. Za su iya, amma ku samu birkila ɗaya ƙwararre wanda kowa zai bi maganarsa. Girman kwalbatin da kaurin rodi kuma a bar wa injiniya, tunda mota za ta riƙa bi ta kai.

Ma'auni: siminti 1, yashi 2, tsakuwa 4, duk da kwano iri ɗaya. Yashin ya zama mai tsabta. Ka damƙe shi a hannu, in ya bar maka laka a tafi, kada a yi aiki da shi.

Inda aikin gayya ya fi lalacewa shi ne wajen ruwa. Da zarar hannu ya gaji, sai wani ya faki ido ya ƙara bokiti don shebur ya yi sauƙi. Wannan ruwan shi ke rage wa kankare ƙarfi, daga baya ya tsattsage. A sa mutum ɗaya ya tsare ruwan. Kuma a kwaɓa kaɗan-kaɗan, iya abin da za a zuba cikin rabin awa, ana zubawa ana zungura da sanda don iska ta fita.

Kada rodi ya kwanta a ƙasa, a ɗaga shi da 'yan gutsattsarin kankare.

Bayan an gama, a lulluɓe da jiƙaƙƙun buhuna, a yi ta ban ruwa aƙalla kwana 7. Mota kuwa kada ta hau sai bayan kwana 28.