Karen Kawu ya rame: in faɗa masa ko in ja bakina?

Da an kai amfanin gona gida, gangin mafarauta ya fara tashi a ƙauyuka, sai tambayoyin karnuka su yi yawa. Uku na ɗauka a wannan makon, kuma dukkansu a kan abu ɗaya suke kewayawa: ƙiba da rama, da yadda za a yi wa mai kare maganar karensa ba tare da an ɓata ba.

Ta farko daga wani matashi ce a ƙasar Ringim. Ya ce: "Malam, ƙanin mahaifiyata ne ya koya mini dawa. Yana da kare, Duna, wanda shekara uku ke nan ba a taɓa riga shi zomo ba. Tun tsakiyar damina karen yake ramewa, yanzu har ƙashin bayansa ana iya ƙirgawa, gashinsa ya yi cuku-cuku. Samari suna ta gulma a bayan idon Kawu. Ni kuma nawa karen sumul yake, ina tsoron in yi magana ya ce fariya nake yi. In faɗa ko in ƙyale?"

Ɗana, ka faɗa. Amma kafin ka buɗe baki ka tabbata ramar ce ka gani, don karen farauta ba ragon layya ba ne. Kowa ya ci zomo ya ci gudu, kuma mai gudu dole ya zama shafal, ciki a ɗame, ƙafafu dogaye. Dubi karnukan Buzaye na Nijar da Mali, waɗanda Turawa ke kira Azawak: a cikin ƙoshin lafiyarsu ma ana hango haƙarƙarinsu da ƙashin ƙugunsu, haka Allah ya halicce su. Karnukanmu na gida masu siririn jiki sun fi kusa da wannan ƙirar fiye da karnukan waje masu faɗin ƙirji. Sau da yawa baƙo daga birni ya kan ga lafiyayyen karen dawa ya ce yunwa ake bar shi da ita, alhali ranar fita shi ne a gaba.

Ido ba mudu ba ne, ya dai san ƙima, to amma a nan hannu ya fi ido. Likitocin dabbobi suna da ma'aunin jiki mai hawa tara: 1 shi ne wanda ya zama ƙashi da fata, 9 shi ne wanda kitse ya rufe, 4 da 5 su ne daidai. Ba sai ka haddace wannan ba, hannunka ma ya isa. Dunƙule hannu ka shafa gaɓoɓin yatsun da suka turo. Idan haka haƙarƙarin kare yake a ƙarƙashin yatsunka, ya rame. Buɗe hannun ka shafa bayansa: kana jin ƙasusuwan, amma da ɗan abu a kansu. Wannan shi ne daidai. Juya tafin, ka danna tudun da ke gindin yatsu, sai ka matsa kafin ka ji ƙashi. Wannan ƙiba ce. Sannan ka tsaya a kansa ka dubo shi daga sama: bayan haƙarƙari ya kamata jikin ya ɗan tsuke kafin ƙugu.

Abin da ka bayyana kuwa ya wuce sirantaka. Ƙashin baya a fili, gashi ya mutu, kuma abin a cikin 'yan watanni ya faru ga karen da a da yake cike. Karen farauta mai lafiya siriri ne amma cinyarsa tauri gare ta. Idan cinya ta zube, kai ya yi kamar ya fi jiki girma, to akwai abin da ke cinsa. A karkararmu abu uku ne kan gaba. Tsutsar ciki, musamman mai shan jini a hanji wadda ke yaɗuwa a jiƙaƙƙiyar ƙasa da damina. Sai kaska, wadda bayan jinin da take sha tana sa cutar da ke lalata jini, kare ya yi zazzaɓi, ya ƙi abinci, dasashinsa ya yi fari maimakon ja-ja. Na uku shi ne abincin da ba ya riƙe jiki. Dusa da ƙanzo da ruwan wanke tukunya suna cika ciki, amma karen da ke wuni yana gudu a dawa yana bukatar abu mai maiƙo da nama: kayan cikin abin da aka kamo a dafa masa, kan kifi, ragowar nono, ɗan wake dafaffe.

Wannan na ukun shi ne ya sa maganar take da nauyi. A ƙauye, in ka ce wa magidanci karensa ya rame, kunnensa zai ji kamar ka ce rumbunsa ya yi ƙasa. Kare ragowar gida yake ci. Gidan da aka suɗe kwano tas, kare ne farkon wanda jikinsa ke tona asiri. Ga kuma batun baki: mutanenmu ba sa son a yi ta tanka dabbarsu, ko yabo ne sai an haɗa da tubarkalla. Saboda haka kada ka kuskura ka yi maganar a dandali, ko a wurin taruwa kafin a shiga daji, inda ake kirari kowa yana ji da kansa. Same shi a zaurensa da yamma, ku gaisa, ka tambayi iyali. In Duna ya zo, ka shafa shi, ka ce: "Kawu, Duna kuwa yana cin abincinsa? Na ga kamar kaska ta dame shi. Zan kai nawa wurin malamin dabbobi ranar kasuwa, ko in haɗa da shi?" Ka ga ka ɗora laifin a kan kaska, ka bar rumbu a rufe, ka kuma sa naka karen a cikin layin marasa lafiya, fariya ta faɗi ke nan. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Ina kyautata zaton Kawu ya riga ka gani. Mutumin da ya shekara uku yana bin kare a dawa ya san ranar da gudunsa ya ragu. Mai yiwuwa kuɗin magani ne babu, ko kuma yana jin nauyin a ga dattijo kamarsa ya ja kare zuwa asibiti. In kana da hali ka biya, kada ka mayar da abin labari.

Abu biyu zan ja kunnenka a kai. Kada ka sayi ƙwaya a faifan mai talla a kasuwa ka ɗura masa. Maganin tsutsar shanu da tumaki ba a auna shi da jikin kare ba, kuma magungunan ciwon jiki na mutane, irin su ibuprofen, suna iya ɓarke masa ciki su lalata ƙoda. Malamin dabbobi na ƙaramar hukuma zai duba nauyinsa ya ba da abin da ya dace, kuma babban kare ana maimaita masa maganin tsutsa duk wata uku. Na biyu, in aka fara jinya kada a tula masa abinci lokaci guda. Kaɗan-kaɗan, sau uku ko huɗu a rana, kuma a hutar da shi daga dawa har ya murmure, ko da kuwa za a rasa rabin rani. Duba dasashi kuma aikin mai kare ne. Idan kare ya canza hali farat ɗaya, yana dalalar da yawu, yana kai cizo ba dalili, ko ya kasa haɗiya, kada kowa ya kai hannu bakinsa. A tsare shi a kira malamin dabbobi, don wannan alamar ciwon haukan kare ce.

Malamai sun karantar da mu cewa an yarda a ajiye kare don farauta, da tsaron gona, da tsaron dabbobi. Mun kuma ji hadisin mutumin da ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa da huffinsa ya shayar da kare mai ƙishirwa, Allah ya gafarta masa. Wanda ya ajiye dabba, cinta da shanta da jinyarta suna wuyansa. Amma wannan ba kai za ka karanta wa Kawu ba. Ya san shi tun kafin a haife ka.

Tambaya ta biyu daga wajen Sumaila ta zo. Mai tambayar ya ce maƙwabcinsa yana da karya da ta haifi 'ya'ya shida, yana so ya sayi ɗaya don gadin garke. Akwai wani mai ƙaton ciki, maƙwabcin yana ta yabonsa cewa shi ne ya fi ƙoshi, har ya ɗora masa kuɗi fiye da sauran. Uwar kuma ta rame ƙwarai. Ya ce: "Wanne zan ɗauka, kuma in gaya masa uwar ta lalace?"

Ɗan'uwa, kada ka yi cinikin biri a sama. Ƙaton ciki a jikin kwikwiyo sau da yawa tsutsa ce. Ɗauke shi a tafin hannunka: in ciki ya kumbura kamar ƙwarya amma baya da cinyoyi ƙashi ne, gashi babu sheƙi, to macijin ciki ne ya cika shi, kuma yawancin 'yan kwikwiyo daga cikin uwa ko ta nononta suke samunsa. Wanda za ka nema shi ne mai nauyi a hannu ko'ina, ido garau, hanci babu majina, ƙarƙashin wutsiya babu alamar zawo, wanda in ka tafa hannu ya taho da gudu. Kada ka raba shi da uwa kafin ya cika mako takwas. Maganin tsutsa ana fara ba su tun suna mako biyu, a riƙa maimaitawa duk bayan mako biyu har su kai wata uku. A wata ukun ne ake yi musu allurar rigakafin haukan kare, irin wadda cibiyar binciken dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato take yi. Ka sa kuɗin waɗannan a lissafinka tun kafin ka taya, har da allurar cutar nan mai sa amai da zawon jini wadda ke share 'yan kwikwiyo gida guda.

Batun uwar kuwa, a nan maganarka tana da sauƙi, don kai mai saye ne, kuma mai saye yana da bakin duba kaya. Sai dai ka kiyaye lokaci. In ka faɗa ana tsakiyar ciniki, zai ɗauka kushe ne don ya rage maka. Ku gama, ka biya, sannan ka ce masa karya mai shayar da shida tana bukatar ninki biyu zuwa uku na abincin da ta saba ci, a ƙara mata, a kuma aje mata ruwa kusa. Ramar shayarwa takan wuce in an yaye 'ya'yan aka ci gaba da kula da ita.

Ta uku ta ba ni dariya. Wani yaro ne da ke aiki a gonar kaji a hanyar Wudil. Maigidansa ya sayo wani ƙaton karen waje, irin na Afirka ta Kudu da ake kira Boerboel, don gadi. Kullum a ɗaure yake, ana zuba masa shinkafa da mai da matattun kaji, ga abincin buhu da Alhaji ke kawowa daga Kano. Yanzu ko tashi da ƙyar yake yi, yana ta haki, Alhaji kuwa duk baƙon da ya zo sai ya nuna masa shi da alfahari. Yaron yana da nasa ɗan karen gida, kuma ya ce da dare nasa ne ke yin gadin. Tambayarsa ita ce, ya faɗa wa Alhaji karensa ya yi ƙiba ko ya yi shiru?

Yaro, wannan ta fi ta Kawu wuya, don mai ramammen kare kunya yake ji, mai ƙiba kuwa taƙama yake yi. Mu da muka saba da kiwo, idonmu ya ɗauki kitse a matsayin riba, kuma a kasuwar Wudil ranar Juma'a ko Maigatari ranar Alhamis haka ne. Ga kare kuwa, wurin da na san ƙibarsa ke ƙara masa daraja shi ne kasuwar karnuka ta Dawaki a Filato, inda ake sayensu don nama, kuma na tabbata ba can Alhaji ya nufa da shi ba. Kamfanin Purina a Amurka ya taɓa ɗaukar karnuka 48 na jinsin Labrador, aka raba su gida biyu, rabi aka rage musu kashi 25 cikin 100 na abincin da 'yan'uwansu ke ci, aka bi su har ƙarshen rayuwarsu. Sakamakon da ya fito a 2002 ya nuna waɗanda aka rage wa sun fi tsawon rai da kusan shekara biyu, ciwon gaɓoɓi kuma ya jinkirta kama su. Ƙara da zafin bazararmu da ke haura digiri 40: kare da haki yake fitar da zafi, mai teɓa a ɗaure a rana yana iya faɗuwa ya mutu a wuni ɗaya.

Kada ka ce wa Alhaji karensa ya yi ƙiba. Ka yi masa maganar dukiyarsa: "Ranka ya daɗe, jiya da dare an yi motsi a bayan keji, karen nan bai iya tashi ba. Ko a kira likita ya duba shi?" Likitan shi zai faɗi abin da bakinka ba zai ɗauka ba, kuma daga gare shi Alhaji zai karɓa. Abin da ke hannunka tun da kai ne mai zuba abinci: ka nemi izini a riƙa aunawa da kwano ɗaya safe da yamma, a daina haɗa abincin buhu da shinkafar mai, a daina ba shi ragowar miya mai albasa don albasa tana lalata jinin kare, matattun kajin da ba a san abin da ya kashe su ba kuma a binne su. A zagaya da shi gona da asuba da bayan la'asar sakaliya, a mayar da turkensa inuwa. Ragewar a hankali ake so, kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na nauyinsa a mako, wato karen da ya kai kilo 60 kada ya zubar da abin da ya wuce kilo ɗaya da ɗan ɗoriya a sati. Akwai sikelin auna buhun abincin kaji a gonarku, da shi za ku riƙa dubawa duk ranar Asabar.