Za a yi wa Inna aikin baya: me za mu saya, me za mu bari?

Wata 'yar'uwa daga Garwa ta rubuto: "Innarmu shekarunta 71. In ta yi 'yar tafiya sai ƙafafunta su mutu, sai ta zauna ko ta sunkuya sannan ta ji sauƙi. An ɗauki hoton IRM, wato hoton na'ura mai nuna cikin jiki, likita ya ce hanyar jijiyoyi ta matse a ƙasan baya, sai an yi mata tiyata a Yawunde, wataƙila har a sa ƙarfe. Mun haɗa kuɗi ni da yayyena. Ana ta ce mana mu sayi katifar asibiti da ɗamarar baya tun yanzu. Me za mu fara saya?"

Allah ya ba Inna lafiya, ya saka muku da alheri. 'Yar'uwa, kafin ki fitar da ko sefa ɗaya, ki koma wurin likitan ki tambaye shi sunan aikin, ya rubuta miki a takarda. Akwai aikin da ake cire ɗan ƙashi kawai don a buɗe wa jijiyoyi hanya, akwai kuma wanda ake ɗaura sukurori da sanduna a haɗe ƙasusuwa biyu ko fiye su zama ɗaya. Na biyun ya fi tsada saboda kuɗin ƙarfen, ya fi zubar da jini, kuma ƙashin kan ɗauki wata 3 zuwa 6 kafin ya kama, wani lokaci har shekara. Ki tambaya ko lissafin da aka ba ku ya haɗa da ƙarfe, da maganin barci, da kwanakin ɗakin kulawa, da hoton da za a ɗauka bayan aiki. A nan ne iyalai ke tsintar kansu hannu wofi a tsakiyar jinya. Ki kuma shirya masu ba da jini biyu ko uku cikin dangi, domin asibiti kan nemi a mayar da abin da aka ɗiba. Ku sani tun yanzu, irin wannan aiki ya fi maganin zugi da mutuwar ƙafa. Ciwon bayan kansa ba lallai ya tafi duka ba, kuma gara Inna ta ji haka daga bakinku kafin ta shiga.

Abin da muke so ki fara saya shi ne kujerar bayan gida, mai rami a tsakiya da hannuwa biyu, tsayinta kamar santimita 45 zuwa 50 daga ƙasa. Masai na tsuguno shi ne babban abokin gaban wanda aka yi wa aikin baya: tsugunawa na lanƙwasa wurin ɗinkin, tashi kuma na iya kayar da tsohuwa a kan jiƙaƙƙen siminti. In babu ta sayarwa, kafinta ko mai walda zai iya haɗa ta, a ɗora a kan ramin ko a sa bokiti a ƙasa. Ki zauna a kanta da kanki ki girgiza. In ta yi motsi, a mayar masa ya gyara.

Sai gado. In Inna a tabarma ko katifar ƙasa take kwana, dole ta hau gado na wasu watanni. Ma'auninsa mai sauƙi ne: in ta zauna a baki, tafin ƙafarta ya taka ƙasa sosai, ƙugunta ya ɗan ɗara gwiwarta. Katifar soso mai ƙarfi ta wadatar. Wadda ta lotsa a tsakiya a canza ta, ko a shimfiɗa katako a ƙarƙashinta. Tsadaddiyar katifar da ake kira ta asibiti ba ta sa ƙashi ya warke da wuri. Ɗamara kuwa kada ki saya sai likitan ya ce, domin likitoci da dama ba sa sa ta, wanda zai sa kuma shi zai faɗi irinta da awonta. Kuɗin ya fi amfani a kan madogara mai ƙafa huɗu (marar taya, don taya na nutsewa a yashin tsakar gida), da ma'aunin zafin jiki, da fitila mai caji a hanyar bayan gida, da takalmi mai rufin dunduniya maimakon silifas.

Wani malami daga Marwa ya tambaya: "Babanmu yana da ciwon suga da hawan jini, yana shan asfirin, yana kuma shan taba. Mu bari a yi masa aikin bayan nan da mako uku, ko mu jinkirta?"

Malam, in fitsari ko bayan gida na kufce wa Baba, ko tsakanin cinyoyinsa ya mutu, ko ƙafarsa na ƙara rauni kullum, ba a jira ko kwana ɗaya. In babu waɗannan, 'yan makonnin shiri riba ne. A yi gwajin suga na wata uku, wanda ake kira HbA1c. In ya haura 8, likitoci da yawa sukan ɗaga aikin, domin suga na hana rauni warkewa, yana jawo ruɓa, ruɓa a kan ƙarfe kuwa na iya kai ga sake buɗe bayan. Taba na hana ƙashi haɗewa, har da ta shaƙa da ta baki. Ya ajiye ta aƙalla mako 4 kafin aiki, kada ya koma. Asfirin da sauran magungunan tsinka jini likita ne zai faɗi ranar tsayar da su, galibi kusan mako guda kafin aiki, kada ku tsayar da kanku. Ku zuba duk abin da yake sha a leda ɗaya ku kai wa likitan sa barci, har da jiƙe-jiƙen gargajiya, ba abin kunya ba ne. In kuma yana ramewa, yana gumin dare da zazzaɓi, ku tambaya ko an duba tarin fuka na ƙashin baya, domin yana nan a yankinmu, kuma magani ne tushen jinyarsa.

Tambaya ta uku daga Ngaundere take: "Ni kaɗai ce mace a gida, ni zan yi jinyar mahaifiyata. Yaya zan dawo da ita daga Yawunde, me zan yi mata a gida?"

Ki fara da neman mataimaki, 'yar'uwa. Makonni biyun farko aikin dare da rana ne, mutum ɗaya ba ya iyawa. A raba kwana tun kafin tafiya, a san wa ke da dare, wa ke da girki, wa ke da kuɗin magani.

In da hali, ku zauna kusa da asibitin har a cire zare, wato kwana 10 zuwa 14. Jirgin ƙasa na dare zuwa Ngaundere yana da ɗakunan kwana, ki nemi gadon ƙasa. Wanda zai wuce Garwa ko Marwa da mota ya tsaya duk bayan awa guda marar lafiyar ta taka 'yan matakai, don kada jini ya daskare a ƙafa. Babur kuwa a manta da shi har sai likita ya yarda.

Abu uku za ki tsare mata: kada ta sunkuya, kada ta murɗa jiki, kada ta ɗaga abin da ya wuce kilo 4 ko 5. Bokitin ruwa, turmi, tsintsiya, ɗaukar jika, duk sun fita. Tashi daga gado yana da nasa tsari. Ta lanƙwasa gwiwoyi, ta juya gefe ɗaya gaba ɗaya kamar gungumen icce, kafaɗa da ƙugu tare, ta zuro ƙafafu ƙasa tana dafa katifa da gwiwar hannu har ta zauna. Ta huta minti ɗaya saboda jiri kafin ta miƙe. Kada ki taɓa janyo ta da hannuwa daga kwance. Tausayi kan sa 'ya'ya su ce "Inna ki kwanta kawai," alhali kwanciyar ce ke kawo gudan jini, da ciwon huhu, da gyambon kwanciya. Ta yi tafiyar minti 5 a tsakar gida sau huɗu ko biyar a rana, ana ƙarawa a hankali, zama kuma kada ya wuce rabin awa a lokaci guda da farko. Masu zuwa dubiya a karɓi gaisuwarsu, amma ki sa ido a kan agogo.

Salla ta yi a kan kujera, ta yi nuni da kai a ruku'u da sujada. Hadisin Imrana ɗan Husaini ya ba da wannan sauƙi: a tsaye, in ba a iya ba a zaune, in ba a iya ba a kan gefe. Wanke ƙafa a alwala ke za ki yi mata.

Magani a saya a kantin magani na gaskiya da takardar likita, ba a tiren kasuwa ba. Doliprane da Efferalgan duk farasitamol ne, kada a haɗa su, kuma tsoho kada ya wuce giram 3 a rana. Diklofenak da ibuprofen na iya cutar da ƙoda da ciki, suna iya jinkirta haɗewar ƙashi, sai da izinin likita. Tramadol na kawo maƙarƙashiya da rikicewa ga tsofaffi, don haka a ba ta gwanda, miyar kuɓewa, zogale da ruwa isasshe, da ƙwai, wake, kifi da kindirmo don naman ya cika.

Ki duba raunin kullum da hannu wankakke, musamman lokacin zafin Maris da Afrilu da gumi ke jiƙa bandeji. Ba man shanu, ba ƙaho, ba tausar maɗori a wurin. Ki kira likita nan take in zafin jiki ya kai 38, ko raunin ya yi ja yana mugunya, ko ruwa garai-garai na ɗiga tare da ciwon kai in ta miƙe, ko sha-raɓarta ɗaya ta kumbura, ko numfashi ya yi wuya, ko ta fara magana ba kan gado. Zazzaɓi kada a ɗora wa sauro shi kaɗai. A yi gwajin maleriya, amma ko ya nuna akwai, a sanar da wanda ya yi aikin. Ki karɓi lambar wayarsa da takardar bayanin tiyata kafin ku bar asibiti, ki ɗauki hotonta a waya, ki tura wa wani cikin 'yan'uwa.