Labari ya shigo wayata ta wuri biyar, ya isa in gaskata shi?

Tambaya

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Jami'ar Marwa da ke Arewa Mai Nisa ta Kamaru, ina shekara ta biyu. Abubuwa uku nake bibiya kullum a waya: ƙwallon ƙafa, labarin tsaro a bakin iyaka saboda iyayena suna wajen Mora, da sanarwar jarrabawar konkur, wato gasar neman gurbin karatu ko aikin gwamnati. Yadda nake tace labari shi ne, idan na gan shi a zauren WhatsApp huɗu ko biyar, ko ya zo da bidiyo, ko yana ɗauke da tambarin babbar kafa, sai in yarda in tura. Wani abokina ya ce wannan ba tantancewa ba ce. Shin hanyata ta isa? In ba ta isa ba, me zan riƙa yi wanda ba zai cinye mini data da lokacin karatu ba?

Amsa

Wa alaikumus salam, ƙanena. Abokinka ya faɗa maka gaskiya. Ma'aunan nan uku da ka lissafa su ne daidai abin da mai ƙirƙirar labari ya fi sauƙin kwaikwaya, kuma fannoni ukun da kake bibiya nan ne za a fi saurin shammatarka, domin abin da zuciya ke so ko take tsoro ba ta tsayawa ta bincike shi.

Mu fara da yawan zaure. Zaure biyar ba shaidu biyar ba ne. Mutum ɗaya yana iya rubuta saƙo a Duwala da hantsi, kafin azahar ya shiga zauren ajinku, na 'yan garinku, na masallaci da na 'yan ƙwallo. Abin da ya kamata ka ƙirga shi ne tushe: mutum nawa ne suka ga abin da idonsu, ko suka tambayi wanda ya gani, ba tare da ɗaya ya kwafa daga ɗaya ba? Gwajin ba shi da wahala. Ka ɗora saƙonnin kusa da juna. In kalmomin iri ɗaya ne, har kuskuren rubutun iri ɗaya, to tushe guda ne. Ka kuma duba saman saƙon: kibiya biyu a WhatsApp na nufin ya bi ta hannu aƙalla biyar kafin ya iso gare ka, wato wanda ya turo maka ma bai san mai shi ba. Malaman hadisi sun daɗe da sanin wannan, shi ya sa suke bin isnadi mutum bayan mutum, kuma riwayar da ta tsaya a kan "an ce" ba ta samun karɓuwa komai yawan masu maimaita ta.

Ka tuna Oktoban 2024. Shugaba Paul Biya ya yi makonni ba a gan shi a bainar jama'a ba tun bayan taron Sin da Afirka a Beijing, sai jita-jitar rasuwarsa ta cika wayoyi. Babu zauren da ba ta shiga ba. Ranar 21 ga Oktoba ya sauka a Yawunde. Duk yawan masu turawar, babu wanda ya iya ambata likita, asibiti ko ɗan'uwa da ya tabbatar.

Sai dai kada ka ɗauka daga nan cewa duk abin da hukuma ta ƙaryata ƙarya ne. A Yulin 2018 wani bidiyo ya bazu yana nuna mutane cikin kakin soja suna harbe mata biyu da yara biyu. Kakakin gwamnati na lokacin ya ce labarin bogi ne, wasu kuma suka ce a Mali aka ɗauka. 'Yan binciken BBC Africa Eye da masu taimaka musu suka ɗauki siffar tsaunin da ke bayan mutanen, suka gwada ta da hotunan tauraron ɗan'adam, ta dace da kusa da ƙauyen Zelevet a Mayo-Tsanaga. Suka auna tsawon inuwar mutanen a ƙasa, ta nuna tsakanin 20 ga Maris da 5 ga Afrilun 2015. A Satumban 2020 kotun soja ta ɗaure huɗu daga cikin sojojin shekara goma-goma. Abin da ya raba gardamar tsauni ne da inuwa, abubuwan da kowa zai iya sake dubawa da kansa. Irin hujjar da nake so ka saba nema ke nan.

Yanzu bidiyo, kuma a nan zan ɗan daɗe domin nan aka fi yaudarar mutane. Mafi yawan bidiyon ƙarya ba haɗa shi aka yi ba. Na gaske ne, wuri ko shekara aka canja masa. A daminar 2024 ambaliya ta ci Yagwa da wasu sassan Arewa Mai Nisa, ta ci Chadi, a watan Satumba kuma madatsar Alau ta ɓalle ta shanye Maiduguri. Ruwa a kan rufin kwano kamanninsa ɗaya ne ko'ina, don haka hoton wani gari yana iya yawo da sunan wani cikin sauƙi. Ga abin yi. Ka tsayar da bidiyon a wuri uku ko huɗu inda hoton ya fito sarai, ka ɗauki hoton fuskar wayar, ka yanke rubutun da aka liƙa a sama, sannan ka saka shi a Google Lens ko TinEye, manhajojin da ke nemo wuraren da hoto ya taɓa fitowa a intanet. Abin da kake nema shi ne kwanan wata mafi tsufa. In hoton da aka ce na jiya ne ya bayyana a shafin da aka wallafa shekara uku baya, magana ta ƙare. Hoto ɗaya ba ya cin data kamar yadda kallon bidiyon ya ci.

Wani lokaci binciken ba ya fito da komai, musamman in bidiyon bai taɓa fita daga WhatsApp ba. Rashin samun sakamako ba tabbaci ba ne. Sai ka koma ga idonka da kunnenka. Lambar motocin Kamaru tana farawa da harufan yanki: EN na Arewa Mai Nisa, NO na Arewa, AD na Adamawa. Allon shago da Faransanci ne ko da Turancin Ingilishi? Tallan layin waya na Orange ne a bango kamar a Kamaru, ko na Glo na Najeriya, ko na Moov na Chadi? Lambar wayar da ke jikin allo irin ta wace ƙasa ce? Ana cewa jiya aka ɗauka alhali muna tsakiyar rani, amma ciyawa shar take? Ka kashe hoton ka saurari muryoyin bayan fage ma: Fulatanci ake yi, Kanuri, Larabcin Shuwa, ko wani yare da ba a ji a yankin? Kai ɗan wurin ne, wannan fifiko ne da ɗan jaridar Yawunde ba shi da shi.

Tambari kuwa, yaro mai manhajar gyaran hoto zai ɗora na BBC Hausa, RFI ko CRTV cikin minti biyu. Kada ka tsaya nazarin hoton. Ka buɗe shafin kafar da kanka ka nemi labarin. In ba ya nan, ba nasu ba ne. A Facebook, ka shiga sashen bayanan shafi ka ga ranar da aka buɗe shi da sunayen da ya taɓa ɗauka. Shafin da bara yake tallan atamfa, bana ya koma "labaran tsaro", ba wurin dogaro ba ne.

Kowace kafa ta gaskiya ma tana da inda ta fi ƙarfi. Cameroon Tribune da CRTV na gwamnati ne: ka dogara da su wajen sanin abin da gwamnati ta sanar, naɗi, doka, ranar jarrabawa, amma ka nemi murya ta biyu a kan abin da ya shafi laifin hukuma. Jaridar L'Oeil du Sahel ta fi jaridun kudu kusanci da yankinmu. Kafofin waje suna da tsarin tantancewa, sai dai sau da yawa wakilinsu yana nesa da ƙauyen da abin ya faru. Akwai kuma masu aikin bin diddigi kawai, irin su AFP Factuel, Africa Check da StopBlaBlaCam. Ka rubuta kalmomi uku na labarin tare da sunansu, mai yiwuwa sun riga ka.

Wata matsala ta musamman ga yankinmu ita ce labari yana ratsa harsuna kafin ya iso. Ɗan jarida ya rubuta "aurait été tué" da Faransanci, wanda ke nuna bai tabbatar ba, wani ya karanta ya yi saƙon murya da Hausa ya ce "an kashe shi". Shakkar ta faɗi a hanya. Tunda kana karanta Faransanci, ka riƙa komawa ga asalin rubutun.

Batun konkur shi ne mai taɓa aljihu. Takardar hukuma ta Kamaru tana da kai na harshe biyu, Faransanci a hagu, Ingilishi a dama, da lambar takarda, kwanan wata, hatimi da sa hannu. Duk da haka ana kwafar waɗannan daga tsohuwar takarda, don haka ka tabbatar a shafin ma'aikatar da ke ƙarewa da gov.cm, ko a allon sanarwar jami'a. Alamar da ba ta kuskure ita ce kuɗi: in aka ce ka tura sefa dubu goma ta Orange Money ko MTN Mobile Money zuwa lambar wani mutum don a ajiye maka gurbi, damfara ce.

Ƙwallo kuma, ina ba ka shawarar ka mai da ita filin atisaye, domin gaskiyarta ba ta jinkiri. Ka zaɓi shafuka biyar da kake bi, ka riƙa rubuta abin da suka ce a kan cinikin ɗan wasa ko jerin waɗanda za a kira ƙungiyar ƙasa, sannan ka gwada da abin da FECAFOOT, hukumar ƙwallon ƙafa ta Kamaru, ko kulob irin Coton Sport ya sanar daga baya. Cikin wata ɗaya za ka san mai faɗin daidai, mai shaci-faɗi, da wanda yake goge rubutunsa shiru in ya kuskure. Wanda ya fito ya gyara kuskurensa a fili, shi ne abin riƙewa.

Ka kuma san doka ta shafi mai turawa, ba mai ƙirƙira kaɗai ba. Sashe na 78 na dokar tsaron intanet ta 21 ga Disamban 2010 ya tanadi ɗaurin wata shida zuwa shekara biyu, da tarar sefa miliyan biyar zuwa goma, ko ɗaya daga cikinsu, ga wanda ya yaɗa labari ta na'ura alhali ba zai iya kawo hujjar gaskiyarsa ba, ko dalilin da ya sa ya gaskata shi.

Game da iyayenka, na fahimci cewa in saƙon hari ya shigo da dare ba za ka iya zama kana binciken hoto ba. To ka shirya tun yanzu. Ka ajiye lambar mutum biyu ko uku a garin waɗanda ba gida ɗaya suke ba, misali mai shago, malamin makaranta da direban da ke bin hanyar Mora. Ka kira, ka yi tambaya uku: a ina ne takamaimai, yaushe, kai ka gani ko gaya maka aka yi? In layi bai shiga ba, kada ka tura saƙon zuwa zauren dangi da sunan gargaɗi, domin tsoro kan fitar da mutane kan hanya cikin dare, wanda shi ma haɗari ne. Ka rubuta musu abin da ka sani kawai: ka ji kaza, ba ka tabbatar ba, kana ci gaba da kira.