Sonia Delaunay 'yar Faransa ce ko 'yar Yukren?

Malama, kin tambaya ko mai zanen nan Sonia Delaunay Bafaranshiya ce. Aure da zama ne suka mayar da ita haka, amma a Yukren aka haife ta a 1885, gidan Yahudawa marasa hali. Tana ƙarama kawunta mai dukiya ya ɗauke ta riƙo zuwa birnin St. Petersburg na Rasha. Ta isa Paris a 1905, ta auri mai zane Robert Delaunay a 1910.

Abin da ya fi taɓa ni a tarihinta bargo ne. A 1911 ta harhaɗa ƙyallaye masu launi iri-iri ta ɗinka wa jaririnta Charles abin rufa, irin wanda ta gani a gidajen manoma tana yarinya. Daga nan zanenta ya juya: ba fuska, ba gida, sai launi kusa da launi, ja na gogar shuɗi har ido ya ga kamar suna motsi.

Da juyin juya halin 1917 ya yanke kuɗin da ke zuwa mata daga Rasha, da zanen yadi da tufafi ta riƙe gidan. A 1964 gidan tarihi na Louvre ya baje kolin ayyukanta, mace ta farko da aka yi wa haka tana raye. Ta rasu a Paris a 1979.