Mi malamin filo (falsafa) na jami'a ke yi ne, kuma ta ina ake bi?

Ƙanena ka ce kana tarminal nan Maradi, filo ta shiga ranka amma gida ana ce maka surutu ne kawai babu abinci ciki. To hanyar dai doguwa ce gaskiya. Bayan bak sai ka nufi Yamai jami'ar Abdou Moumouni, lisans shekara 3, mastar 2, dokta aƙalla 3 amma sau da yawa takan wuce haka. Ko an ɗauke ka koyarwa ma ba a gama ba, sai ka yi ta rubuce-rubucen bincike kana tura dosiye CAMES, wato hukumar ilimi mai zurfi ta ƙasashen Afirka masu Faransanci, can Wagadugu, su ne ke duba ko ka isa hawa mataki har ka kai farfesa.

Batun surutu kuma, dubi Souleymane Bachir Diagne ɗan Senegal, an haife shi 1955, da ilimin manɗiƙi (ƙa'idojin kafa hujja) da lissafin Boole, wani masanin lissafi ɗan Ingila, ya fara, daga baya ya shiga falsafar Musulunci da ta Afirka, ya koyar a Dakar har ya dangana da jami'ar Columbia a Amurka. Ni dai shi ya fi burge ni wallahi.

Amma fa in kai mai barci ne bisa shafi na 3, tun yanzu sake shawara, karatun nan ba na fada da shayi ba ne.