Amsa: Shiga ƙarƙashin mota a kan jak kaɗai

Malam, ka tambaya ko za ka iya shiga ƙarƙashin mota alhali jak kaɗai ke riƙe da ita. Kada ka kuskura. Jak mai aiki da mai, robar cikinsa kan saki, motar ta sauko ba sallama. Da ka ɗaga, tokare ta da ƙafar ƙarfe, ka ja birkin hannu, ka sa wa tayoyin ƙasa waigi. Bulon siminti da nake ganin yara na jerawa a garejin wajen Ƙofar Ruwa kuwa, fashewa yake. Ni har tayar da na cire nake turawa ƙarƙashi, in girgiza motar, sannan in kwanta. Da damina ƙasa na lotsawa, nemi daɓe.